Baba, na gaji da biyan Allah bashin da ban san ranar ƙarewarsa ba

Saƙon da ya shigo:

"Baba barka da aiki, don Allah a sakaya sunana. Ni Kirista ne tun haihuwa, shekarata 34. Shekara 6 da suka wuce yayana ya damƙa min wasu kuɗi amana ya ce in ajiye saboda karatun yaransa, ni kuma na zuba su a wani kasuwanci ba da saninsa ba, kasuwancin ya rushe. Duk sanda ya tambaya sai in ce suna nan. Ya kwanta ciwo ya rasu ban faɗa masa ba, matarsa ma har yau ba ta san da maganar ba. Tun daga lokacin rabona da barci mai daɗi. Ina azumi kwana 3 duk sati, na ninka baikon da nake bayarwa a coci, wani mai wa'azi ya ce sai na kawo hadaya mai zafi kafin Allah ya sake ni, na sayar da motata na kai masa kuɗin. Na daina cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a coci don tunawa da mutuwar Yesu, na ɗaga aurena sau 2 don ina ganin ban cancanci farin ciki ba. Ana cewa Yesu ya mutu domin zunubanmu, toh me ya sa nawa bai tafi ba? Hadaya nawa zan yi ta isa? Kuma ta yaya mutuwar wani za ta wanke laifin da ni na yi da hannuna?"

Amsa:

Ɗana, sannu. Na karanta saƙonka sau uku, kuma duk karantawa a wurin motar nan nake tsayawa. Ka sayar da mota, kuɗi sun shigo hannunka, ga marayu can da haƙƙinsu ke wuyanka, amma kuɗin suka wuce ƙofar gidansu suka je suka sauka a hannun mai wa'azi. Ba faɗa zan yi maka ba, na san tsoro ne ya ja ka, mutumin da ya shekara 6 ba ya barci ko me aka ce masa magani ne zai haɗiye. Amma ka riƙe maganar motar nan a ranka, za mu dawo kanta. Bari mu fara da hadaya tunda ita ce ta fi rikita ka.

Abin da yawancinmu muka ɗauka shi ne, hadaya wani abu ne da mutum ke miƙa wa Allah don ya huce, kamar yadda ake lallashin babba idan an ɓata masa rai, in abin ya yi tsada ya huce da wuri, in ya yi araha ya ƙara murtuke fuska. Da wannan tunanin kake tafiya, shi ya sa kake tambayar "nawa". Toh amma ka buɗe Farawa sura 22 ka sake karantawa a hankali kamar ba ka taɓa ji ba. Ibrahim da Ishaku suna hawa dutse a ƙasar Moriya, yaron ya ce ga wuta ga itace, ina ragon? Uban ya ce Allah zai tanada. Kuma haka aka yi, rago ya sarƙafe da ƙahoninsa a cikin kurmi, aka yanka shi, yaro ya sauko da ƙafarsa. Wa ya kawo ragon? Ibrahim dai bai zo da shi daga gida ba. Ka wuce Littafin Firistoci 17:11, inda aka ce ran halitta yana cikin jini, ka lura da yadda aka faɗi maganar, Allah ne yake cewa shi ya ba su jinin a kan bagade domin kafara. Wato tun a Tsohon Alkawari ma, hanyar shiryawar daga wajensa ta fito, mai laifi kawai zuwa yake ya shiga ta ƙofar da aka riga aka buɗe masa.

Kuma in da tsadar abu ce ke sa Allah ya karɓa, da ba a rubuta Firistoci sura 5 ba. A can an ce wanda ba shi da halin tunkiya ko akuya ya kawo kurciya biyu ko 'yan tattabaru biyu, wanda ko wannan ta gagare shi ya kawo ɗan gari. Gafarar da mai garin ya samu ita ce dai wadda mai tunkiya ya samu. Maryamu da Yusufu kansu da suka kai jariri Yesu Haikali, tsuntsu biyu aka ambata a Luka 2:24, hadayar talaka kenan. Sai ka tambayi kanka daga ina aka samo wannan "hadaya mai zafi" ɗin da sai an sayar da mota. Annabi Mika ya yi irin tambayarka tun kafin a haifi kakannin kakanninmu, a sura 6 ya yi ta ƙara farashi, 'yan maruƙa, dubban raguna, kogunan mai, har ya kai ga ko in ba da ɗan farina? Amsar da ta zo ba ta da farashi ko kaɗan, a yi adalci, a so jinƙai, a yi tafiya da Allah cikin tawali'u.

Akwai Ranar Kafara a Firistoci 16, ina so ka hango ta da idon zuciya. Sau ɗaya a shekara, ranar 10 ga wata na 7, babban firist shi kaɗai yake shiga bayan labule, Wuri Mafi Tsarki. Ana kawo bunsuru biyu a jefa musu ƙuri'a, ɗaya a yanka a shiga da jininsa, ɗayan kuma firist ya ɗora masa hannu biyu a ka ya furta laifofin jama'a duka, sannan a kora shi jeji. Ɗaya yana nuna an tsarkake, ɗaya yana nuna an kwashe an tafi da shi. Abu mai kyau, amma baɗi sai an sake, baɗin baɗaɗa ma sai an sake. Marubucin Ibraniyawa a sura 10 ya kama wannan wurin ya ce ai maimaitawar nan kanta tunatarwa ce ta zunubi kowace shekara, don jinin bijimai da na awaki ba zai iya kawar da zunubi ba. Ɗana, azuminka na kwana 3 abin da ya koma kenan. Duk sati yana buga maka ƙararrawa cewa kai mai laifi ne, sati na gaba ka sake, ba ranar gamawa. Sannan marubucin ya yi wani kwatanci da nake so sosai, ya ce firistoci a tsaye suke kullum suna ta miƙa hadayu iri ɗaya, shi kuwa Almasihu da ya miƙa guda ɗaya sai ya zauna. Mai aiki ba ya zama sai ya gama. Haka a Yahaya 19:30 maganarsa a kan gicciye ita ce an gama, kuma Markus 15:38 ya ce labulen Haikali ya tsage gida biyu daga sama zuwa ƙasa. Kai kuma shekara 6 kenan kana tsaye a gaban bagaden da mai shi ya tashi daga aiki.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce mai nauyi, kuma na ji daɗi da ka yi ta, don mutane da yawa tana cinsu a ciki amma suna tsoron a ce ba su da bangaskiya. Ta yaya mutuwar wani za ta wanke laifina? Ka sani manyan malaman ikkilisiya sun daɗe suna juya wannan magana. Shaidar bangaskiya ta Nikiya, wadda aka fara tsarawa a 325 aka cika ta a 381, cewa kawai ta yi ya sauko dominmu da domin cetonmu, an gicciye shi a zamanin Bilatus Babunti, ya tashi a rana ta uku, ba ta tsaya bayanin yadda abin ke aiki ba. Iyayen farko irin su Ireniyus sun fi kallonsa a matsayin yaƙi, mutuwa da Shaiɗan sun riƙe ɗan Adam a ɗaure, Almasihu ya shiga har cikin kurkukun ya fasa ƙofa ya fito da fursunoni. Ansalam na Kantabari, wajen shekarar 1098, ya kalle shi ta fuskar bashi, ya ce mutum ne ake bi amma ba zai iya biya ba, Allah ne kaɗai zai iya amma ba shi ake bi ba, don haka sai wanda yake Allah kuma mutum. Abelad, wanda ya rasu a 1142, ya ce gicciye ƙauna ce da aka nuna a fili har ta narkar da zuciyar da ta bushe. Masu gyaran ikkilisiya na ƙarni na 16 suka ƙarfafa cewa ya tsaya a madadinmu ya ɗauki hukuncin, suna jingina da Ishaya 53. Ni a ganina kowannensu ya leƙa ɗaki ɗaya ne ta taga daban, kuma wanda ya ce tagarsa kaɗai ce taga ya cika baki.

Amma inda tambayarka ta ɗan zame shi ne kalmar "wani". Kana hango kamar alƙali ya fusata da kai, sai ya leƙa waje ya cafko wani bawan Allah da ba ruwansa ya ce a kashe wannan. In da haka ne ai zalunci ne, ni ma ba zan yarda ba. A bangaskiyar Kirista wanda aka yi wa laifin da wanda ya ɗauki nauyin ba baƙin juna ba ne. Bulus a 2 Korantiyawa 5:19 cewa ya yi Allah ne cikin Almasihu yake sulhunta duniya da kansa, kuma a Yahaya 10:18 Yesu ya ce ba mai ƙwace ransa, shi yake ba da shi don kansa. Bari in kawo maka misali daga cikin gidanku. A ce yayanka bai rasu ba, ka je ka durƙusa ka faɗa masa gaskiya, ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce ƙanena tashi na yafe. Kuɗin sun dawo? Ba su dawo ba. Asarar ta ɓace? Tana nan daram. Wa ya ɗauke ta? Shi. Da bakinsa ya ce na yafe, da jikinsa zai yi ta aikin cike ramin. Duk inda aka yi yafiya ta gaskiya akwai wanda ya haɗiye asara, kuma mai yafewar ne. Gicciye shi ne wurin da Kirista ya gaskata Allah ya haɗiye tamu, a fili, da jini, ba da baki kawai ba. Romawa 5:8 ta ƙara da cewa tun muna masu zunubi aka yi hakan, ba a jira mun yi azumi ba.

Toh me ya sa naka bai tafi ba? Ina ganin abu biyu ne suka cakuɗe maka, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko, ka mai da yadda kake ji a zuciya ma'aunin ko Allah ya gafarta. Wannan ciwon ba kai ka fara shi ba. Martin Luta, wanda daga baya ya jagoranci gyaran ikkilisiya, a 1505 tsawa ta rutsa da shi a hanya, tsoro ya sa ya yi wa'adi, ya bar karatun lauya ya shiga gidan sufaye a Erfurt a ƙasar Jamus. Azumi, hana ido barci, furta zunubi na sa'o'i har mai sauraronsa Stawfits ya gaji da shi, duk ya yi, yana fitowa sai ya tuna wani da ya manta ya koma. Bai samu sauƙi ba sai da ya zauna da Romawa 1:17 ya gane cewa adalcin da ake magana kyauta ce da ake karɓa ta bangaskiya. Abin da ya sa ya tayar da ƙura a 1517 ma ai irin abin da aka yi maka ne, ana sayar wa masu tsoro takardun sassauci da kuɗi. Kuma kar ka ɗauka wannan maganar ɓangare ɗaya ce, ba ka faɗa min cocin da kake zuwa ba, amma a ranar 31 ga Oktoba 1999 a birnin Ogsbag, Katolika da Lutaran sun sa hannu a takarda ɗaya cewa ta wurin alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin ceto na Almasihu, Allah yake karɓar mu, ba don wani abin yabo namu ba. Suna da sauran bambance-bambancensu, amma a kan ko ana sayen gafara babu gardama. Afisawa 2:8-9 ta riga ta faɗa, 1 Bitrus 1:18-19 ta ce ba da azurfa ko zinariya aka fanshe mu ba. Kuma ka tuna Saminu mai sihiri a Ayyukan Manzanni sura 8 da ya zaro kuɗi zai sayi baiwar Allah, Bitrus bai ce masa kawo mu sa albarka ba, cewa ya yi kuɗinka su hallaka tare da kai. Ni dai duk mai wa'azin da ya ji labari irin naka, ya ji akwai marayu a ciki, sannan ya miƙa hannu ya karɓi kuɗin mota, ba zan sake zama a gabansa ba. Iyakar abin da zan faɗa a kansa kenan.

Akwai kuma wani abu ɓoyayye a cikin wannan horon kai da kake yi, ka yi haƙuri in faɗa. Yana kama da tawali'u amma akwai 'yar taurin kai a ciki. Ɗan nan da ya lalatar da rabon gadonsa a Luka 15, da zai koma gida ya tsara jawabinsa tsaf, zai ce a mai da shi kamar ɗaya daga cikin ma'aikata, wato ya yi aiki ya ci guminsa, kar ya zauna da nauyin kyauta a kansa. Uban bai ma bari ya kai wannan layin ba, ya sa a kawo riga da zobe. Karɓar kyauta yana da wuya ga mai kunya, ya fi son a ba shi bil ya biya ya san ya fita. Kai ma bil kake nema, shi ya sa ka tambaye ni nawa. Ɓarawon da ke gicciye kusa da Yesu a Luka 23 hannuwansa a kafe suke, ba baiko ba azumi ba damar gyara komai, roƙo ɗaya ya yi, Yesu ya ce masa yau za ka kasance tare da ni a Firdausi. In zuciyarka tana kayar da kai, 1 Yahaya 3:20 ta ce Allah ya fi zuciyarka girma.

Na biyu kuma, nan ne zan ɗan matsa maka. Wani ɓangare na rashin barcin nan ba ciwo ba ne, lamirinka ne yake aikinsa daidai. Kana magana kamar laifin ya faru shekara 6 da suka wuce ya ƙare. Cin kuɗin ne ya wuce, ɓoyewar tana nan da ranta. Duk ranar da ka gaisa da matar yayanka, ka shafa kan yaran nan, ka tashi ka tafi ba ka ce komai ba, ka sake yin ƙaryar sabuwa fil. Ba za ka ji an sauke maka kayan da kake sake ɗauka kowace safiya ba. Abin da kake yi shi ne an bar jaki ana dukan taiki, kana ta dukan cikinka da aljihunka da aurenka, inda matsalar take kuwa ko kallo ba ka yi ba.

Ka buɗe Firistoci 6:1-7, za ka rantse da kai ake. Maganar mutumin da aka ba ajiya ya ci amana ya yi ƙarya a kai. Me aka ce ya yi? Ya mayar da abin cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, ya ba mai shi, sannan ya kawo ragonsa wurin firist. Littafin Ƙidaya 5:5-8 ya ƙara da furta laifin, har ya yi tanadin in mai haƙƙin ba ya nan a ba danginsa, sai in babu dangi ko ɗaya ne abin zai tafi wurin firist. Kai kuwa dangin suna nan, ka san ƙofar gidansu. Ragon kam Almasihu ya tsaya a wurinsa, wannan an gama. Amma mayar da ajiya ba a soke shi ba. Yesu da kansa a Matiyu 5:23-24 ya ce in kana gaban bagade da baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon a nan, ka je ku shirya tukuna. A Markus 7 kuma ya yi wa malaman zamaninsa tatas a kan Korban, wato mutum ya ce abin da ya kamata in taimaki iyayena da shi na keɓe wa Allah, shikenan ya wanke hannunsa. Ɗana, baikon da ka ninka da kuɗin motar nan Korban ne. Ka ɗauki haƙƙin marayu ka kai wa Allah, shi kuma bai aike ka ba.

Kar ka juya maganata ka ce ashe dai biya zan yi kafin a cece ni. Dubi Zakka a Luka 19, shugaban masu karɓar haraji a Yariko. Yesu ne ya fara ɗaga kai ya gan shi a kan itace ya ce sauko yau a gidanka zan sauka, tun bai mayar da ko ƙwandala ba, mutane ma suna ta gunaguni. Bayan an karɓe shi ne ya miƙe ya ce rabin dukiyata na talakawa ne, wanda na cuta zan mayar masa ninki huɗu. Karɓa ce ta zo farko, mayarwa ta biyo baya, kuma da fara'a ya yi. Ceto a Sabon Alkawari ya fi takardar shiga sama faɗi, kalmar da aka yi amfani da ita a Helenanci ita ce dai ake faɗa wa marar lafiya da ya warke, kamar matar nan mai zubar jini a Markus 5. Ana ceton mutum daga hukunci, ana kuma ceton sa daga halin da ya mai da shi maƙaryaci a gidan ɗan'uwansa. Afisawa 2 da ta ce ba ta ayyuka ba, aya ta 10 ta ce an halicce mu domin kyawawan ayyuka. Hadayar da ta rage wa Kirista ita ce ta Romawa 12:1, rayayya, da ta Ibraniyawa 13:15-16, yabo da yin alheri da taimakon juna. Ta godiya ce, ta wanda aka riga aka sake shi.

Ga abin da zan ce ka yi. Ka zauna da biro da takarda ka rubuta adadin kuɗin daidai, ba ragi, in ma za ka iya ka yi la'akari da cewa kuɗin shekara 6 baya ba darajarsu ɗaya da na yau ba. Kashi ɗaya cikin biyar ɗin nan ba doka ba ce a kanka, amma ma'auni ne mai kyau in kana da hali. Ka nemi mutum ɗaya mai hankali da riƙon sirri, fastonka na ainihi ko fada in kai Katolika ne, ko wani dattijo da ita matar take ganin girmansa, ka fara faɗa masa, sannan ku je tare. In kun je ka faɗi abin yadda yake, ya ba ni kaza, na yi kaza, na yi masa ƙarya, na ɓoye miki. Kar ka shiga labarin yadda kasuwa ta cuce ka, kar kuma ka kawo zancen azuminka da motarka, wannan neman tausayi ne, ranar ba taka ba ce. Ka ajiye mata tsarin biya a rubuce, kaza duk wata, da shaida, kuma rarar da kake ninkawa a baiko daga wannan watan ta koma can.

Ka shirya wa abin da zai biyo baya. Tana iya yin kuka, tana iya zaginka, tana iya tuna shekarun da ta yi tana fama da kuɗin makaranta kana kallo, tana iya cewa kar ka sake taka mata gida, dangi ma su ji. Tana da gaskiya in ta yi, kuma ba ka da ikon cewa ai ke Kirista ce dole ki yafe, wannan tsakaninta da Allah ne da lokacinta. Dawuda da annabi Natan ya tsare shi a kan ɗauke Batsheba matar Uriya da sa a kashe mijin, an ce masa an kawar da zunubinsa a take, amma gidansa ya sha abin da ya biyo baya shekara da shekaru. Gafarar Allah ba ta jiran tata, kuma ba ta hana ka ɗanɗana kunyar. In ta rufe ƙofa ka ci gaba da turawa ta hannun dattijon, kuɗin yaran ne ko ta yafe ko ba ta yafe ba.

Yayanka kuma, na san shi ne ƙayar da ta fi shiga. Ba za ka iya faɗa masa ba, wannan ƙofar ta rufe, ka yi kukanta in kukan ya zo. Amma ka tuna dalilin da ya sa ya ba ka kuɗin, karatun yaransa. Wannan amanar ba ta mutu ba, tana zuwa makaranta kowace safiya.

Yarinyar da ka ɗaga aurenta sau 2, ka faɗa mata gaskiya ita ma kafin a sa wata rana. Tana can tana zargin kanta ko tana tunanin akwai wata, alhali hukuncin laifin da ba ta san da shi ba take sha. Za ta shiga gidan da ake biyan bashi duk wata, haƙƙinta ne ta sani ta zaɓa. Azumi kuma ka dakata da wannan na kwana 3 ɗin, ka karanta Ishaya 58 ka ga irin wanda Allah ya ce yana so, in ka dawo yi daga baya ka yi don neman fuskarsa. In rashin barcin ya ci gaba bayan ka sauke maganar nan ka ga likita, shekara 6 na damuwa tana taɓa jiki, in kuma tunanin raba kanka da duniya ya taɓa zuwa maka, kar ka kwana da shi kai kaɗai, ka faɗa wa wani a ranar. Yahuza da Bitrus duk sun ci amana a dare ɗaya, Yahuza ya watsa azurfa 30 ɗin da aka ba shi don ya ba da Yesu a cikin Haikali ya tafi shi kaɗai, Bitrus ya yi kuka mai zafi ya koma cikin 'yan'uwa, a can Yesu ya same shi.

Jibin Ubangiji kuwa, na san 1 Korantiyawa 11 ce take tsorata ka, maganar ci da rashin cancanta. Ka karanta surar daga aya ta 17, faɗan da Bulus yake yi a kan masu hali ne da suke cinye komai su bar marasa shi da yunwa da kunya, wato a kan yadda ake yi wa ɗan'uwa ne. Don haka hanyarka ta komawa teburin ta ƙofar gidan matar yayanka ta bi. Kowace ikkilisiya da tsarinta a kan wannan, ka tambayi mai kula da kai, amma ba sai ka gama biyan kuɗin duka ba, in ka furta ka kama hanyar gyara ka je ka miƙa hannu a ba ka.

Kar ka ce sai ka tara kuɗin tukuna, wannan dabarar ce ta cinye maka shekara 6. Ka kira dattijon nan a satin nan, ko da abin da ke hannunka bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. In kun je kun dawo ka sake rubuto min, ina so in ji yadda ta kasance, da kuma ajin da babban yaron yake yanzu.